Kibiyar Kaka ta Ƙarshe

Na Allah ne mu duka, kuma gare Shi za mu tattara. Kakana na wajen uba, wanda ya riƙe sarautar Sarkin Baka a ƙauyenmu tun kafin a haife ni, ya riga mu tafiya a farkon daminar bana, ranar wata Laraba da hantsi, kwana uku bayan an yi shuka.

Saƙon ya same ni a Gusau ina tsakiyar aji. Kafin in sami motar Tsafe, in sauka in hau ta 'Yankuzo, in taka sauran hanyar da ƙafa, har an kai shi an dawo. Na tarar da ƙofar gida ba masaka tsinke. Tsofaffin maharba sun zo daga Bilbis da Tsafe, har da wasu biyu daga Karakkai ta ƙasar Bungudu, kowa ya jingine bakansa a jikin katanga kafin ya zauna. Ɗaya daga cikinsu, mai gemu fari fat, yana kuka kamar ƙaramin yaro, ba wanda ya hana shi. Mahaifina yana zaune a kan tabarma yana amsa gaisuwa, idonsa a ƙasa.

A cikin gida na durƙusa gaban matar Baffa, Baffa kuwa shi ne ƙanen mahaifina da aka kashe shekara uku da suka wuce. Tana jan carbi, idonta a bushe. Na ce, "Inna, ya haƙuri?"

Ta ce, "Haƙuri mun daɗe muna yin shi. Allah ya jiƙan Baba. Amma rabin aiki ya yi mini."

Ta bayan zana na ji liman yana addu'a, yana cewa Allah ya yafe wa mamaci abin da hannunsa ya aikata a ƙarshen rayuwa. Wasu mata biyu da ke tankaɗe a gefena suka haɗa kai, ɗaya ta ce wa ɗaya, "Tsufa ne ya taɓa shi. In ba haka ba, mutum ya kusa tamanin ya harbi ɗan da ya raina da hannunsa?"

Na ji kamar in kifar musu da garin. Saboda maganar nan tasu na zauna nake wannan rubutu. Tsufa bai taɓa Kaka ba. Ina wurin, na gani da idona, kuma ba zan bari a binne shi da sunan mahaukaci ba, alhali wanda ya jawo komai yana nan yana shan iska.

Kaka gajere ne, siriri, ba ya da yawan magana. Tafin hannunsa na dama ya yi kanta har allura ba ta shiga. Goro ɗaya yakan kai shi yini guda. Ba ya yarda a tsallake bakansa, ko da kaza ce sai ya kore ta. Shi yake yanko kyauron da yake ƙera kibiyoyinsa, ya gasa shi a kan garwashi ya miƙar, ya ɗaga ya leƙa da ido ɗaya. In kyauro ya ƙi miƙewa sau uku sai ya ba mu mu yi wasa da shi. Tun ina rarrafe yake kira na amarya, irin wasan kaka da jika, kuma bai daina ba har na yi aure na haihu. In na kawo masa fura sai ya ce, "Amarya, wagga hura taki ruwa ta, ko rowa ta?"

Mutane suna ba da labarai a kansa. Wai yana rikiɗa ya zama suri in namun daji sun juyo. Wai ya taɓa harbe kura da jin kukanta kawai. In an faɗa a gabansa sai ya tofar da goro ya ce, "Ƙarya ta. In ina zama suri, da gara ta cinye ni tuni." Abin da ni na gani shi ne ranar da shirwa ta sure ɗan tsakon kakata. Yana zaune yana gyaran tsirkiyar bakansa, ya saki kibiya bai ko miƙe ba. Shirwar ta faɗo bayan rumbu, ɗan tsakon ya tashi yana tangaɗi ya koma wurin uwarsa. Ya ce mini, "Tahi ki ɗauko mini kibiyata, kada ki taɓa bakinta."

Ba ya cin naman da ya harbo sai an fitar da na gidajen da ba namiji. Ba ya aika yaro, da kansa yake rataye cinyar gada ko rabin zomo a ƙofar gida ya wuce, ba sallama. In an zo godiya sai ya ce bai san zancen ba.

Da mahaifina ya ce shi makaranta zai yi, ba zai riƙe baka ba, Kaka ya shekara bai yi masa magana ba sai ta bakin kakata. Baffa ne ya riƙe baka, shi da wani da ba jininmu ba. Wani aminin Kaka ne ɓauna ta kashe a daji, ya bar ɗa mai shekara bakwai ba uwa. Kaka ya saɓo yaron a wuya ya kawo gida, ya ce wa kakata, "Ga ɗiyanki sun ƙaru." Ya ba shi baka kafin ya ba Baffa. Ya koya masa bin sawu da dafa dafi, ya yi masa aure, ya yanka masa gona. Kawu nake ce masa ina yarinya. Ba zan sake kiran sa da wannan sunan ba. A nan ɗan riƙo zan ce.

Da na fara koyarwa a Gusau, akwai wata malama Kirista 'yar Filato da muke zama tebur ɗaya. Na taɓa ba ta labarin shirwar nan, washegari sai ta kawo mini wani tsohon littafin Turanci, bangonsa ya yage, cike da tatsuniyoyin maharban duniya. Duk hutu nakan tafi da shi gida. Bayan la'asar mu zauna a gindin durumin ƙofar gida, ina karantawa ina juya masa da Hausa, shi kuma yana yanke musu hukunci kamar alƙali.

Na ba shi labarin maharbin ƙasar Sin, wanda rana goma suka fito lokaci guda suna ƙone amfanin gona, ya harbo tara. Kaka ya ce, "Ya bar guda? To manomi na. Da ya harbe duka, da wauta ce ta kai shi." Na ba shi na wani ɗan sarki a Indiya da malaminsa ya tambaye shi abin da yake gani a kan itace, ya ce ba ya ganin itace, ba ya ganin tsuntsu, idon tsuntsu kawai yake gani. Kaka ya gyaɗa kai ya ce, "Wanga ya taɓa riƙe baka. Wanda ya rubuta ma ya taɓa zama da maharba." Na ba shi na Baturen da azzalumin hakimi ya tilasta wa harbin tuffa a kan ɗansa. Tun ban ƙarasa ba ya katse ni.

"Kibiya nawa ya ɗauko?"

Na duba na ce, "Biyu, Kaka."

"Ta biyun ta wa?"

"Ta hakimin ce, in ya sami yaron."

Ya yi dariya har goro ya sarƙe shi. Ya ce, "Ashe ko can akwai maza."

Guda ɗaya ne ya ɓata masa rai. Labarin wani saurayi ɗan daji da ya ƙware a harbi har ya fi 'ya'yan sarki, sai malamin da yake girmamawa ya ce ladan karatu shi ne ya yanke babban yatsansa na dama ya ba shi. Saurayin ya yanke, bai ƙara harbi kamar da ba. Kaka ya buga ƙasa da tafin hannu ya ce, "Wanga ba malami ba na, ɓarawo na! Rufe littahin nan." A ranar ɗan riƙo yana zaune tare da mu yana ɓare gyaɗa, yana taya shi tsinuwa.

A shekarar da aka ba mu jiha, bayan an gama kaka, ɓarayi suka shigo suka kore shanun huɗa na gida shida, har da namu. Kaka ya ce za a bi sawu. Su uku suka zauna a zaure suka tsara hanya, shi da Baffa da ɗan riƙo. Za su bar sawun su zaga ta wani kwazazzabo su tari ɓarayin ta gaba, sauran mutane su biyo baya. Da gari ya waye ɗan riƙo ya aiko cewa cikinsa ya ɓaci, ba ya iya tsayuwa. Kaka da Baffa suka tafi su biyu.

A bakin kwazazzabon aka jira su, da bindiga. Harbi ɗaya ya sami Baffa a ƙirji. Kaka ya saki kibiya wajen da ya ga motsi, ta wuce ta soki itace. Sai ya ji murya daga cikin duwatsu tana dariya tana cewa, "Tsoho mai yana, koma gida! Ko raƙumi aka tsayar maka ba ka gani!"

Ya zauna a ƙasa ya ɗora kan Baffa a cinyarsa har rai ya fita. A haka mutanen gari suka same su.

Babu wanda ya san Kaka yana da yana a ido. Mu da muke gida ɗaya ba mu sani ba, ko kakata ba ta sani ba har ta rasu. Shekara biyu yana ɓoyewa. Mutum ɗaya ya gaya wa, shi ne wanda yake tsaya masa a gefe a daji yana raɗa masa, ga naman can dama da itacen marke, taki talatin. Ɗan riƙo ke nan.

Kaka ya kai magana gaban mai gari. Ɗan riƙo ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani ya rantse bai san komai ba, yana hawaye yana cewa, "Baba, ni? Ni da ka goya?" Mai gari ya ce rantsuwa ta yanke magana. Kafin damina ta zagayo ɗan riƙo ya sayi babur sabo. Kullum da safe sai ya biyo ta ƙofar gidanmu, ya rage gudu ya ce, "Baba, an tashi lahiya?" Kaka ba ya amsawa. Matar Baffa kuwa, in ta ji ƙarar babur ɗin, sai ta saki abin da ke hannunta ta shige ɗaki. 'Ya'yanta huɗu, ƙaramin bai fara tafiya ba.

Ni ma na rame. Baffa ne ya raka ni Gusau ranar da na fara makarantar horon malamai, ya ɗauki akwatina a ka tun daga tasha. Na sha kwanciya ina tsara yadda zan zuba wa ɗan riƙo wani abu a fura. Ban ɓoye wannan ba, Allah ma ya sani.

Daga nan Kaka ya rataye bakansa. Idon ya ƙarasa rufewa, sai an ja shi zuwa masallaci. Da na zo hutu na fito da littafin don in ɗebe masa kewa, sai ya ce, "Amarya, karanta mini na yaron nan da anka yanke ma yatsa."

Na ce, "Wanda ka ce in rufe?"

"Shi."

Na karanta. Can ya ce, "Shi wancan malami bai ba yaron komi ba, ya amshe. Amma in kai ka ba mutum, kana iya amshe abinka?"

Na ce ban sani ba. Ya ce, "Ni ma tunani nikai."

Na daɗe ina roƙonsa ya zo Gusau a cire masa yanar, yana ƙi. Ya ce ba mai sa masa wuƙa a ido. A wannan hutun, ba tare da na tayar da zancen ba, ya ce in shirya masa tafiya. Na yi murna, na zaci ɗana yake so ya gani, wanda aka sa wa sunan Baffa. Ya yi mako biyu a gidana. Ranar da aka cire masa bandeji na tsaya a gabansa riƙe da yaron. Ya dube mu kaɗan, sai ya ɗaga kai ya tsallake mu da ido, ya kafe katangar asibiti can nesa.

"Wancan ƙadangare, jan kai gare shi?"

Na waiwaya, da ƙyar na hango shi. Na ce, "Ja ne, Kaka."

Ya ce, "Alhamdu lillahi. A kai ni gida."

Wata uku bayan nan, ƙarshen damina, gero ya fara nuna, na je gida dogon hutu. Ranar da zan koma ta dace da ranar da mutanenmu suke tafiya cin kasuwar Bilbis. Da safe na ɗauki jakata zan tafi gindin tsamiya inda ake jiran mota, sai Kaka ya ce zai raka ni. Bai taɓa raka kowa ba. Ya fito cikin babbar riga, yana dogara wata doguwar sanda. Ban kula ba sai daga baya, bakansa ne ya kwance wa tsirkiya ya naɗe ta a jiki, ya zama kamar sandar gora.

Gindin tsamiya cike yake da mutane, masu buhuna, masu awaki, masu kaji. Ɗan riƙo yana can gefen hanya a kan babur ɗinsa, ya ɗaura buhu a baya, hannunsa na dama a kan mariƙin babur ɗin, yana hira da wani. Tsakaninmu ya kai taki arba'in.

Kaka ya ce, "Amarya, tsaya gabana kaɗan, rana na dukan idona."

Na tsaya. Na ji wani ɗan nishi a bayana, na waiwaya. Ya taka gindin bakan da ƙafa, ya lanƙwasa shi da gwiwa, ya ɗana tsirkiya. Tsohon da ake ja zuwa masallaci wata uku da suka wuce. Ya zaro kibiya daga hannun riga, bakinta baƙi ƙirin yana maiƙo. Ya ce, "Kauce."

Na kauce. Wannan ma ban ɓoye ba. Ina da lokacin da zan riƙe hannunsa, ban riƙe ba.

Ban ga tafiyar kibiyar ba, ƙarar tsirkiya kawai na ji. Ta shiga ta bayan hannun ɗan riƙo, daidai gindin babban yatsa, ta ɓullo ta wuyan hannu. Babur ya faɗi da shi. Mutane suka watse, awaki suka tsinke. Ya ɗaga hannun ya ga baƙin da ke bakin kibiyar, sai ya kurma ihun da ban taɓa jin namiji ya yi ba. Ya san dafin Kaka. Shi yake juya tukunyar in ana dafa dafin kwankwani da tunya. Ya sha ganin gwanki ya ɗauki kibiyar nan ya yi ɗan gudu ya kife.

Kaka ya taka a hankali har ya tsaya a kansa. Ya ciro wani ɗan ƙaho daga aljihu ya ɗaga.

"Ka san abin da ke jikinka, kai ka dama shi. Ga makari nan. Wa ya gwada musu kwazazzabo?"

"Baba, don Allah! Baba!"

"Lokacinka kaɗan na. Wa ya ce musu ban gani?"

Mutane sun dawo sun yi da'ira, ba mai motsi. Ɗan riƙo yana birgima, gumi yana zuba, yana cewa ƙirjinsa ya fara ɗaurewa. Sai ya faɗa. Ya ce shi ne. Ya ce a kasuwa suka same shi, suka yi masa alkawarin shanu biyu. Ya ce sun rantse masa ba za su kashe kowa ba, tsoratawa kawai za su yi. Ya ce shi ya gaya musu zancen ido don su san ba abin tsoro. Ya kira sunan Baffa sau uku yana neman gafara. Liman yana wurin, ƙanen mai gari yana wurin, rabin gari yana wurin.

Kaka ya buɗe ƙahon ya zazzage a ƙasa. Toka ce.

Ya ce, "Babu dahi. Baƙin tukunya na da man kaɗanya. Tashi, ba ka mutuwa yau."

Ya kwance tsirkiya, ya mayar da bakan sanda, ya juyo wurina ya ce, "Ga motarki can ta taho, kada ta bar ki."

Ban shiga motar ba. Kafin azahar mai gari ya aiko aka karɓi bakan da kwarin, aka ce an sauke shi daga sarauta, don ba a harbin mutum a cikin gari ko mene ne dalili. Kaka ya miƙa ba musu. Shi kuwa ɗan riƙo an kai shi asibiti a Tsafe, aka cire kibiyar, amma jijiyar ta tsinke. Yatsun suka ƙanƙance suka lanƙwashe, hannun ya bushe. Bai kai ƙara ko'ina ba, don ya san abin da za a tambaye shi. Da ya ji sauƙi ya fara cewa zafin ciwo ne ya sa shi sambatu. Ba wanda ya saurare shi. Ba mai amsa sallamarsa, ba mai tsayawa kusa da shi a sahu. Kafin a gama girbi ya kwashe iyalinsa ya bar garin. Ɓarayin kuwa har yau ba a kama ko ɗaya ba.

A yammacin ranar harbin ne muka yi faɗa da Kaka, faɗan da ba mu taɓa yi ba. Matar Baffa ce ta fara. Ta zo ta tsaya a ƙofar ɗakinsa, ita da ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi surukinta ba, ta ce, "Baba, ka same shi a hannu, ka bar shi? Shi ya bar mini nawa mijin?"

Ni ma na ce, "Taki arba'in ka sami gindin yatsa, Kaka. Da wuya ka nufa da ka samu. Me ya hana ka sa dafin? Tausayi?"

Ya dube ni da sabon idon nan nasa har na sunkuyar da kai.

Ya ce, "Tausai? Ke yarinya ta. In na kashe shi, gobe a wanke shi a yi mishi salla, a ce tsoho ya kashe marar laihi, rantsuwarshi ta bi shi kabari da tsabta. Yanzu da bakinshi ya hwaɗi. Kuma hannun nan ni na koya mishi komi, na amshe abina. Ina so ya daɗe. Duk lomar da zai kai baki, da hagu zai kai ta, gaban mutane, har ya mutu."

Matar Baffa ta ce, "Ni dai da gawarshi na gani." Ta juya. Ba ta ƙara kai masa abinci da hannunta ba, sai ta ba yara.

Bayan an karɓe bakan, Kaka bai ƙara wata takwas a duniya ba. Ba wani ciwo, ƙarfi ne kawai ya yi ta zarewa. Yakan zauna a gindin durumi yana miƙar da kyauron da ba zai harba ba. Zuwana na ƙarshe na same shi a kwance. Liman ya riga ya zo ya yi masa nasiha a kan yafiya. Da ya fita na matsa kusa na ce, "Kaka, ka yafe masa?"

Ya ce, "In Allah ya yahe mishi, tsakaninsu na, ban da bakin magana. Ni ban yahe ba. In ya tambaya, a gaya mishi haka."

Na zaci ba zai taɓa tambaya ba. Bayan sadakar arba'in na tafi Bungudu gaishe da dangin mijina. Ranar kasuwa ce, na shiga sayen daddawa. A wata rumfar mai tuwo na hango wani mutum a ƙarshen benci, ya ba mutane baya, ya rufe hannun dama da gefen riga. Ya rame, gemunsa ya yi furfura. Yana gutsurar tuwo da hagu, miya tana bin gwiwar hannunsa. Wani yaro a benci na gaba yana zungurar ɗan'uwansa yana nuna shi.

Na je na tsaya a gabansa. Ya ɗago, lomar ta tsaya a hanya.

Ya ce, "Amaryar Baba."

Ya ƙara jan gefen riga a kan hannun.

Ya ce, "Na ji rasuwa. Na so in zo, na san ba a bari na in zauna. Allah ya jiƙan shi. Kina wurin da ya yi jinya. Ya ambace ni? Ya ce ya yahe?"

Na ce, "Ya ambace ka. Ya ce bai yafe ba. Ya ce in ka tambaya a gaya maka."

Ya mayar da lomar cikin kwano. Ya tura kwanon gefe, ya yunƙura zai tashi.

Na ce, "Zauna ka ci abincinka."

Ya dube ni, ya dubi mutanen rumfar da suke kallonmu. Ya koma ya zauna. Ya jawo kwanon da hagu. Na tsaya a kansa har ya cinye.

Allah ya jiƙan Kaka, ya haskaka kabarinsa, ya haɗa shi da ɗansa a inda ba a yi wa kowa kwanto. Mijina ya ce abin da na yi a rumfar nan bai dace da mai ilimi ba, ya ce in nemi gafarar Allah in sauke abin daga raina. Gafarar ina nema kullum. Saukewar ce ban yi ba tukuna.